Tambayoyi da amsoshi: yadda ake shigar da saƙon gado cikin jikin mutum, daga allurar korona zuwa sabon maganin sikila

Tun da labari ya ɓulla a ƙarshen 2023 cewa an amince da maganin da ke gyara jinin masu sikila, tambayoyi iri ɗaya suke ta dawowa, yawanci daga iyayen yara masu ciwon, sai ɗaliban kiwon lafiya, sai kuma waɗanda har yau zuciyarsu ba ta kwanta da allurar korona ba. Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne maganar guda ɗaya ce, domin fasahar da ta kai rigakafin korona cikin damtsenka 'yar uwar wadda ake gyara ɓargo da ita ce. Na sa wa tambayoyin lamba saboda wata amsar tana jingine da wata.

1. Malam, wai me ake nufi da shigar da saƙon gado cikin jiki?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira sel. A tsakiyar kusan kowane sel akwai wata cibiya mai katangarta, a ciki aka adana DNA, wato rubutun da mutum ya gado daga uwa da uba, haruffa kusan biliyan 3, kuma a cikin wannan rubutu akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000 da kowacce take ɗauke da umarnin haɗa wani furotin. DNA ba ya fita daga cibiya. Idan sel yana buƙatar wani furotin sai ya kwafi umarnin a kan wani saƙo na wucin gadi mai suna mRNA, saƙon ya fito waje, a karanta shi, a haɗa furotin, sannan a lalata saƙon.

To idan likitoci suka iya kai nasu saƙon cikin sel, sel ɗin zai karanta ya yi aiki da shi kamar nasa. Amfanin iri biyu ne. A rigakafi ana ba sel umarnin ya haɗa wani ɗan ɓangare na ƙwayar cuta don garkuwar jiki ta gan shi ta shirya. A magani kuwa ana kai lafiyayyar ƙwayar gado ne inda ta mutum ta samu matsala, ko a kai kayan aikin da za su gyara rubutun.

2. Me ya hana a zuƙi DNA ɗin a sirinji a yi allura kawai?

Ai nan gizo ke saƙar. Sanin wace ƙwayar gado ce ta lalace ba shi ne babbar wahala ba, kuskuren da ke jawo sikila an san shi tun shekarun 1950, harafi ɗaya ne tak ya canza. Wahalar ita ce isar da saƙon. Idan ka zuba RNA tsirara cikin jini, akwai sinadarai da aikinsu kenan su daddatsa shi, cikin mintuna ya zama tarihi. Wanda ya tsira kuma ba zai iya ratsa fatar sel ba, saboda fatar ta maiƙo ce, shi kuma ƙato ne kuma yana ɗauke da cajin da fatar ke turewa. Ko ya samu ya shiga, sel yana haɗiye baƙon abu ne a cikin 'yar jaka wadda ƙarshenta wurin narkar da shara ne, dole saƙon ya fasa jakar ya fito kafin a kai shi can. In kuma DNA ne to akwai sauran katanga ta biyu, ta cibiya. Duk wannan ga garkuwar jiki tana sintiri tana neman baƙo.

Shi ya sa dole a samu ɗan aike, wanda zai rufe saƙon, ya san hanya, ya san ƙofar gidan da aka aike shi, ya miƙa a hannun da ya dace. Duk sauran tambayoyin da ke ƙasa, na tsada da na haɗari da na yaushe zai iso mana, in ka bi su za ka tarar kan ɗan aiken nan suke komawa.

3. 'Yan aiken kala nawa ne?

Manya uku ne. Akwai bairos da aka cire wa dafi (tambaya ta 4), akwai ƙananan ƙwallayen kitse (tambaya ta 6), sai kuma ƙarfin tsiya, wato a ɗan ja wa sel wutar lantarki na ɗan lokaci ƙanƙani har fatarsa ta buɗe ƙananan ramuka saƙon ya faɗa ciki kafin su rufe. Wannan na ukun an fi yin sa ne a ɗakin gwaji, a kan sel ɗin da aka ciro daga jikin mutum. Akwai ma rigakafin korona na DNA da Indiya ta amince da shi a 2021, ZyCoV-D, wanda ba allura ake yi ba, wata na'ura ce ke harba ruwan cikin fata da ƙarfin matsi.

Wani rabe-raben da ya kamata ka riƙe shi ne: ko dai a kai saƙon cikin jiki kai tsaye, ko a ciro sel waje a gyara a mayar. Bambancin kuɗi da wahala tsakanin biyun nan ba kaɗan ba ne.

4. Bairos fa kuka ce. Ba shi ne ke sa cuta ba?

Shi ne, kuma dalilin da ya sa aka zaɓe shi kenan, domin duk duniya babu gwanin shiga sel ya ajiye saƙonsa kamar bairos, sana'arsa kenan. Abin da masana suke yi shi ne su cire masa ƙwayoyin gadon da yake hayayyafa da su, su sa nasu saƙon a gurbin. Zai shiga sel sau ɗaya ya sauke kaya, amma ba zai iya haihuwar wasu ba.

Uku aka fi amfani da su kuma halinsu ya sha bamban. Adenobairos, dangin masu sa mura, yana ɗaukar kaya da ɗan yawa, yana tayar da garkuwar jiki sosai, saƙonsa kuma ba ya daɗewa, shi ya sa ya dace da rigakafi. Na biyu AAV, ɗan ƙarami ne da ba a san shi da jawo wata cuta ba, yana da sanyin hali, saƙonsa yakan zauna a cibiya a gefe ba tare da ya manne da DNA ɗin mutum ba a mafi yawan lokuta, kuma a sel ɗin da ba ya yawan rabuwa kamar na ido da jijiya yana iya yin shekaru yana aiki. Da shi aka yi Luxturna, maganin wani makanta na gado da Amurka ta amince da shi a 2017, da Zolgensma na 2019 na jariran da jijiyoyin motsinsu ke mutuwa. Matsalarsa jakarsa ƙarama ce, haruffa wajen 4,700 kawai take ci, kuma da zarar an yi wa mutum sau ɗaya jiki ya gane shi, in aka sake turo shi za a tare shi a hanya, wasu mutanen ma sun taɓa haɗuwa da danginsa tun suna yara don haka tun farko ba za a iya musu da shi ba.

Na uku lentibairos. Shi wannan ɗinke saƙonsa yake yi a cikin DNA ɗin sel, saboda haka duk 'ya'yan da sel ɗin zai haifa za su gaji saƙon. Wannan ne ake so a ɓargo, inda sel ke rabuwa kullum, amma a nan haɗarinsa yake (duba tambaya ta 13).

5. Na ji an ce daga HIV ake yin wani. Gaskiya ne? Ba zai sa wa mutum ƙanjamau ba?

Gaskiya ne, lentibairos ɗin da ake aiki da shi daga HIV aka samo ƙirarsa. Amma an kwashe yawancin ƙwayoyin gadonsa, an canza masa rigar waje, kuma umarnin haɗa shi an rarraba shi gida-gida a masana'anta yadda wanda ya fito ba ya ɗauke da abin da zai sake haɗa kansa. Ba ya sa ƙanjamau. Sai dai akwai wani abu ɗaya, wasu gwaje-gwajen HIV masu neman rubutun gadon bairos ɗin suna iya nuna akwai alhali babu, don haka wanda aka yi wa irin wannan magani ya riƙa gaya wa likita kafin a gwada shi.

6. Ƙwallon kitse kuma yaya yake aiki?

Wannan shi ne ɗan aiken rigakafin Pfizer da Moderna. Ɗan ƙwallo ne da bai wuce nanomita 100 ba, wato sai ka jera wajen dubu kafin su kai kaurin gashi guda, an haɗa shi da maiƙo iri huɗu. Akwai kolestarol da wani maiƙo irin na fatar sel da ke ba shi siffa, akwai mai ɗauke da wani sinadari mai suna PEG da ke hana ƙwallayen dunƙulewa, sai na huɗun wanda shi ne sirrin abin, maiƙo ne mai canza hali. A masana'anta, cikin ruwa mai tsami, yana ɗaukar caji ya rungumi RNA. A cikin jini sai ya zama ba ruwansa, ba ya cutar da komai. Da sel ya haɗiye shi cikin jakar nan da na ambata a tambaya ta 2, jakar ta fara tsami, sai ya sake ɗaukar caji ya yaga jakar, saƙon ya zubo. Kuma duk da wannan dabara kaso kaɗan ne na saƙon ke iya fitowa, sauran narkewa yake.

Ba korona ce ta kawo wannan fasaha ba, kamar yadda ake ta yaɗawa cewa cikin dare ɗaya aka ƙirƙiro. A 2018 an riga an amince da Onpattro, magani mai amfani da irin wannan ƙwallo don kai RNA cikin hanta. Sannan tun 2005 Katalin Kariko da Drew Weissman a Jami'ar Pennsylvania suka gano cewa idan aka ɗan sauya ɗaya daga haruffan mRNA, garkuwar jiki ba ta yi masa ca da wuri, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2023. Ita Kariko ta yi shekaru ana hana ta kuɗin bincike har aka rage mata matsayi, ba ta bari ba. Raunin ƙwallon kitse shi ne in aka sa shi a jijiya yawancinsa hanta yake tafiya, kai shi ɓargo ko ƙwaƙwalwa ko huhu shi ne aikin da ake fama da shi yanzu.

7. Allurar korona da aka yi mana a Najeriya wace iri ce a ciki?

Ya danganta da lokacin da ka je. Ta farko da ta sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021 ta hanyar COVAX, shirin raba rigakafin ga ƙasashen duniya, kusan miliyan 4, AstraZeneca ce, ita kuma adenobairos ne na birin cimfanzi wanda aka hana hayayyafa, an zaɓi na biri ne saboda jikin mutane bai saba da shi ba balle ya tare shi. Johnson & Johnson ma adenobairos ce, amma na mutane. Moderna da ta zo a watan Agusta na shekarar da kuma Pfizer su ne na mRNA cikin ƙwallon kitse. Dukkansu saƙo ɗaya suka kai, umarnin haɗa ƙayar nan da ke jikin korona, ɗan aiken ne kawai ya bambanta. In katinka na nan ka duba, an rubuta sunan.

8. To ba ta canza wa mutum DNA ba? Kuma maganar hana haihuwa fa?

Ta mRNA ba ta ma shiga cibiyar da DNA yake, a waje ake karanta ta, kuma jiki yana lalata ta cikin kwanaki kamar yadda yake lalata nasa mRNA kullum. Ta adenobairos tana kai DNA cikin cibiya, amma wannan bairos ba shi da kayan ɗinki irin na lentibairos, saƙon a gefe yake zama har ya ɓace, kuma duk wanda ya taɓa yin mura irin ta adenobairos hakan ta riga ta faru a jikinsa. An yi wa mutane biliyoyin allurai, an bi mata masu ciki da masu neman haihuwa, ba a ga raguwar haihuwa ba.

Ni ba na ganin laifin wanda ya yi wannan tambaya, musamman mutumin Kano. A 1996 lokacin annobar sanƙarau an gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200, maganar da ta kai kotu har aka yi sulhu a 2009, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, wanda yara da yawa suka biya kuɗinsa da ƙafafunsu. Tambaya haƙƙinka ce. Amma a nemi amsar a wurin wanda zai iya nuna yadda abin ke aiki, ba saƙon murya da ba a san mai shi ba.

9. Me ya sa wasu sai an sa su a firiza mai tsananin sanyi?

Saboda RNA ba ya da juriya, zafi da ruwa suna karya shi, ƙwallon kitsen ma yana lalacewa. Da farko Pfizer sai a ma'aunin sanyi kusan 70 ƙasa da sifili, Moderna 20 ƙasa da sifili, daga baya aka yarda a ajiye su a firji na wasu makonni bayan an narkar. Na adenobairos firji na yau da kullum ya ishe su, shi ya sa suka fi sauƙin kaiwa ƙauye inda firjin sola ɗaya ne a asibitin sha-ka-tafi.

10. Mu dawo kan sikila. Yaya ake yin wannan sabon magani?

Duk uwar da ta raini mai sikila ta san wani abu da likitoci suka gina maganin a kai. Jaririn yakan zo lafiya lau, wata uku wata huɗu ba komai, sai wajen wata shida a ga bayan hannu da ƙafa sun kumbura suna zafi, yaro yana ta kuka ba ya son a taɓa shi. Dalili shi ne a cikin ciki da farkon haihuwa jini yana amfani da wani himogulobin (furotin da ke ɗaukar iska a cikin jini) na jarirai wanda ba ya lanƙwashewa, sai daga baya wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ta kashe shi, na manya ya karɓi aiki, kuma na manyan ne ke da kuskuren.

Casgevy, wanda Birtaniya ta fara amincewa da shi a Nuwamba 2023, Amurka ta biyo ranar 8 ga Disamba, ba ya gyara kuskuren sikilar kansa. Ana ba mutum maganin da zai koro uwayen sel na jini daga ɓargo zuwa jijiya, a tace su da na'ura, a tura masana'anta. Can sai a yi amfani da lantarki (tambaya ta 3) a shigar da CRISPR, wani almakashi mai yanka DNA, ya yanka daidai makunnin da ke kunna BCL11A a sel ɗin jini. In aka mayar da su jiki sai su koma yin himogulobin na jarirai. A gwajin da aka miƙa wa hukumar magunguna ta Amurka, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Victoria Gray, wadda aka fara yi wa a 2019 a Nashville, ta fito duniya ta ba da labarinta. Masu gano almakashin, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, sun samu Nobel a 2020.

Na biyun, Lyfgenia, an amince da shi rana ɗaya a Amurka, shi kuma lentibairos yake amfani da shi ya ƙara wa sel ɗin wata ƙwayar gado ta himogulobin da ba ya lanƙwashewa.

11. Kenan allura ɗaya ce mutum ya warke?

Ina! Mayar da sel ɗin ne kawai ke kama da ƙarin jini na rana ɗaya. Kafin nan akwai makonni na ƙarin jini, akwai tatsar sel wadda wani sai an yi masa fiye da sau ɗaya, akwai jiran masana'anta da ke iya kai wata shida. Sannan babban abin, dole a share tsohon ɓargo don sabon ya samu wurin zama, kuma da kemo mai ƙarfi ake yi, irin maganin da ake ba masu cutar kansa, mai suna busulfan. Gashi ya zube, baki da maƙogwaro su yi gyambo har haɗiyar ruwa ta zama aiki, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa warwas, mutum ya yi wata ɗaya ko fiye a keɓe a asibiti. Kemon nan yana iya hana haihuwa har abada, mace ko namiji, don haka ake ba da shawarar a adana ƙwai ko maniyyi tukuna. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu kuma bai kamata a ɓoye wa iyaye ita ba. An fara amincewa da shi ne ga masu shekara 12 zuwa sama da ciwon ke yawan tasar musu, kuma ɓarnar da ciwon ya riga ya yi wa ƙugu ko ƙoda ba lallai ta gyaru ba.

12. Nawa ne kuɗinsa, kuma me ya sa haka?

A Amurka, lokacin da aka amince da su a 2023, an sa wa Casgevy dala miliyan 2.2, Lyfgenia dala miliyan 3.1, ban da kuɗin kwanciya. Ba su kaɗai ba ne, Zolgensma ya fito a kan miliyan 2.1, Hemgenix na masu ciwon rashin daskarewar jini miliyan 3.5. Wani ɓangare na tsadar na gaske ne, tunda kowane mara lafiya nasa maganin daban ake haɗawa daga sel ɗinsa, ba a iya yin tan guda a raba, kuma noman bairos mai tsabta yana da wuya. Wani ɓangaren kuma lissafin kamfani ne, suna auna abin da inshora za ta kashe wa mai sikila tsawon rayuwarsa su sa farashi kusa da shi. A gaskiya abin yana min ciwo, Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila, inda ake ƙiyasin ana haifar jarirai wajen 150,000 da ciwon duk shekara, ita ce lissafin bai ma san da zamanta ba. Kwatanta da rigakafin mRNA da aka yi biliyoyinsa a kan 'yan daloli kowace allura, za ka ga tsadar ba daga saƙon take ba, daga hanyar kai shi take.

13. An taɓa samun wanda wannan fasaha ta kashe?

An samu, kuma duk mai gaya maka babu haɗari ba ya son ka da gaskiya. A 1999 wani matashi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya rasu kwana huɗu bayan an sa masa adenobairos mai yawa a wani gwaji a Amurka, garkuwar jikinsa ce ta tashi ta wuce kima, kuma wannan ya tsayar da fannin na shekaru. A farkon shekarun 2000 an yi wa yara 20 marasa garkuwar jiki magani a Faris da Landan, yawancinsu sun samu lafiya, amma biyar suka kamu da kansar jini, ɗaya ya rasu, saboda bairos ɗin da aka yi amfani da shi ya ɗinke saƙonsa kusa da wata ƙwayar gado mai tayar da cutar kansa ya kunna ta. Daga nan aka sake ƙirar 'yan aiken. Duk da haka Lyfgenia na ɗauke da gargaɗi mai ƙarfi kan kansar jini, kuma ana bin waɗanda aka yi wa irin waɗannan magunguna har shekara 15. AAV mai yawa yana iya taɓa hanta, an samu yaran da suka rasu ta haka.

A ɓangaren rigakafi, AstraZeneca da Johnson & Johnson an same su da wani daskarewar jini da ba kasafai ake gani ba, na mRNA kuma da kumburin tsokar zuciya musamman a samari, wanda yawanci yake warkewa. Sa ido ne ya gano su, ba a ɓoye ba.

14. Wanda aka yi wa maganin sikila, 'ya'yansa sun tsira kenan?

A'a, kuma wannan a riƙe shi da kyau. Sel ɗin ɓargo kawai aka taɓa, ƙwai da maniyyi suna nan da rubutunsu na asali. Mai SS da aka yi wa magani zai ba kowane ɗa nasa S, in ya auri AS to kowane ciki rabi da rabi ne, ko SS ko AS. Gyara ɗan tayi yadda canjin zai bi zuriya wani abu ne daban da ƙasashe da yawa suka haramta, masanin ƙasar Sin He Jiankui da ya yi hakan a 2018 ɗaurin shekara uku ya sha. Gwajin jini kafin aure yana nan daram, Jihar Kano ma ta mayar da shi doka a 2024.

15. Akwai haram a cikin kayan haɗin?

Hukunci na malamai ne, abin da zan iya kawowa shi ne abin da ke ciki don a tambaye su da sani. Na mRNA maiƙo ne da gishiri da sukari da saƙon, kamfanonin Pfizer da Moderna da AstraZeneca sun bayyana cewa babu kayan alade a nasu. Na bairos kuma ana noma su ne a cikin sel na ɗakin gwaji, kuma wanda aka fi amfani da shi asalinsa daga ƙodar wani ɗan tayi ne a farkon shekarun 1970, ana ta ninka shi tun lokacin, sannan a tace maganin daga gare shi. Saudiyya ta sa rigakafin korona cikin sharuɗɗan aikin Hajji a 2021 da 2022.

16. Yaushe zai iso wurinmu?

A yadda ake yin sa yanzu, da ciro ɓargo da kemo da ɗakin keɓewa, ko kyauta aka ba da maganin asibitocin da za su iya ɗauka kaɗan ne. Fatan yana kan a samu ɗan aiken da za a sa a jijiya ya nemi ɓargo da kansa ya yi gyaran a can, ba tatsa ba kemo. A 2019 cibiyar binciken lafiya ta Amurka da Gidauniyar Gates sun yi alƙawarin dala miliyan 200 don neman irin wannan ga sikila da HIV, da Afirka a ransu. A 2025 kuma a Philadelphia an yi wa wani jariri mai ciwon hanta na gado gyaran harafi a cikin jikinsa ta ƙwallon kitse, wanda aka haɗa dominsa shi kaɗai cikin watanni. Hanta ce dai, wadda na ce ita ce mai sauƙin kaiwa (tambaya ta 6), ɓargo na gaba.

Ta fannin ƙerawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cibiyar koyar da fasahar mRNA a Cape Town a 2021, kuma Najeriya na cikin ƙasashen Afirka shida da aka zaɓa a 2022, tare da Masar, Kenya, Senegal, Afirka ta Kudu da Tunisiya. BioNTech ta buɗe wurinta a Kigali a ƙarshen 2023. Ɗalibanmu masu karanta kimiyyar sinadaran jiki da haɗa magunguna, wannan fanni ne da ya cancanci ku sa ido a kai.

17. Wani ya ce zai haɗa mu da asibitin waje da ke yi da arha. Kuma kafin nan me za mu yi wa yaron?

Ku yi hattara sosai. Casgevy da Lyfgenia a cibiyoyi ƙalilan da aka tantance ake yin su, a ƙasashen da suka amince, cikinsu har da Saudiyya da Bahrain a ɓangaren Casgevy. Duk wanda ya ce allurar sel ce ta kwana uku babu kemo, ko ya ce ku fara turo kuɗi kafin likitan jini ya ga yaron, ba wannan maganin yake sayarwa ba. Ku tambayi sunan maganin, ku kai wa likitan jininku ya duba. Wani lokacin kuma dashen ɓargo ake nufi, wanda shi magani ne na gaske amma daban, ɓargon ɗan'uwa ake sa wa, ya fi kyau in an samu shaƙiƙi da jininsu ya dace, an fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011.

Abin da ke hannu yau kuwa, Hajiya, ba ƙarami ba ne. A yi wa jariri gwaji da wuri, a yi masa duk rigakafinsa, a kare shi daga zazzaɓin cizon sauro da gidan sauro da magani, ruwa ya wadata musamman lokacin zafi, a rufe shi da kyau lokacin hunturu, zazzaɓi ya taso a tafi asibiti a ranar. Ku tambayi likita maganar hydroxyurea, ƙwaya ce da ke ƙara himogulobin ɗin jarirai ɗin nan da Casgevy ke nema, an gwada ta a yaran Afirka ta rage tashin ciwo da ƙarin jini da mutuwa, sai dai tana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci. In asibitinku na da na'urar duba jijiyoyin kai, a riƙa duba yaro daga shekara 2 zuwa 16 don gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun bai faru ba.